Me Ya Sa Ruwan Randa Yake Yin Sanyi?

Gabatarwa

A ƙasar Hausa da wuya a shiga gida, musamman a karkara da tsofaffin unguwannin birane, a rasa randa a girke a gindin bishiya ko a wani lungu na tsakar gida. Akan ɗebo ruwa daga rijiya ko famfo da ɗuminsa a zuba a ciki, in an jima a sa moɗa a ɗebo a ji ya yi sanyi mai daɗi, alhali kuwa babu wutar lantarki, babu ƙanƙara. Da a ce ruwan nan a jarkar roba ko a bokitin ƙarfe aka zuba shi, aka ajiye kusa da randar, da bai yi wannan sanyi ba. Haka kuma kowace uwargida ta san cewa sanyin ruwan randa ba ɗaya ba ne a tsawon shekara. Da hunturu yakan kai ga riƙe haƙori, da bazara yakan kashe ƙishirwa, amma da zarar damina ta kankama sai ya zama kusan ɗaya da na bokiti.

Hausawa kan ce ruwa ba ya tsami banza. To, haka ma ba ya yin sanyi banza. Wannan maƙala za ta bi diddigin dalilin wannan sanyi, ta kuma nuna cewa ƙa'idar da take aiki a jikin randa ita ce take kare ran ɗan'adam a lokacin zafi, kuma abin da yake hana randa aiki da damina shi ne yake jefa mutum cikin haɗari idan zafi da laima suka haɗu.

Ƙwayoyin Ruwa da Motsinsu

Ruwa, kamar sauran abubuwa, ya ƙunshi wasu ƙwayoyi ƙanana ainun waɗanda ido ba ya iya gani. Waɗannan ƙwayoyi ba su taɓa tsayawa cik, kullum cikin kai da kawowa suke, suna karo da juna. Abin da ake kira zafi kuwa ba wani abu ba ne illa ƙarfin wannan motsi. Idan ƙwayoyin suna motsi da sauri sai a ce ruwan yana da zafi, idan motsinsu ya lafa sai a ce ya yi sanyi.

Sai dai kuma ba duka ƙwayoyin suke tafiya da sauri iri ɗaya ba. A cikin kowane kofin ruwa akwai masu nawa, akwai matsakaita, akwai kuma 'yan kaɗan masu tsananin gudu. Duk ƙwayoyin suna riƙe da juna da wani ƙarfi na jan juna, wanda shi ya sa ruwa yake zama wuri ɗaya. Amma idan ɗaya daga cikin masu gudun nan ta iso saman ruwan, takan iya fizge kanta daga riƙon 'yan'uwanta ta tashi ta shiga iska a matsayin tururi. Ba sai ruwa ya tafasa hakan take faruwa ba, shi ya sa wanki yake bushewa a kan igiya, tabki kuma yake ƙafewa da rani.

A nan ne asirin yake. Tun da yake masu ƙarfin gudu ne kaɗai suke iya tserewa, waɗanda aka bari a baya su ne masu nawa. Alal misali, idan aka tsame ɗalibai mafi tsawo daga cikin aji, matsakaicin tsawon 'yan ajin zai ragu. Haka ma idan ƙwayoyi mafi gudu suka fice, matsakaicin motsin sauran yakan ragu, watau ruwan ya huce ke nan. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai shayi yake ɗaga hannu yana juya shayi daga kofi zuwa kofi, shi ne kuma dalilin da ya sa mutum yake jin sanyi a damtse idan ma'aikacin asibiti ya goga masa sifirit kafin allura.

Ɓoyayyen Zafi

Masanin da ya fara fayyace wannan al'amari shi ne Joseph Black, wani malamin jami'a a birnin Gilasgo na ƙasar Sukotland, a wajajen shekarar 1761. Ya lura cewa idan ƙanƙara tana narkewa ko ruwa yana tafasa, ma'aunin zafi yakan tsaya wuri ɗaya duk da cewa wuta tana ci gaba da ci a ƙarƙashin tukunya. Ina zafin yake tafiya? Black ya bayyana cewa zafin yana shigewa ne cikin aikin sauya ruwa zuwa tururi, don haka ya kira shi ɓoyayyen zafi. Kafin wannan, a shekarar 1758, Benjamin Franklin na Amurka da John Hadley sun yi wani gwaji a garin Kambirij na Ingila. Sun riƙa jiƙa kan ma'aunin zafi da wani sinadari mai saurin tashi da ake kira eta, suna hura masa iska da zugazugi, har ma'aunin ya sauko daga digiri 18 zuwa digiri 14 a ƙasa da sifiri, ƙanƙara ta fito a jikinsa.

Yawan ɓoyayyen zafin ruwa abin mamaki ne. Domin a ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas, ana bukatar ƙarfin zafi kimanin kilojul 4.2. Ke nan ɗaukar lita ɗaya daga sanyin ƙanƙara har zuwa tafasa zai ci kimanin kilojul 420. Amma domin a mayar da wannan lita ɗaya tururi baki ɗaya, ana bukatar kilojul 2,260, watau fiye da ninki biyar na wancan. Idan kuwa ruwan bai tafasa ba, a kan ɗumin jikin mutum yake tashi, adadin yakan kai kusan kilojul 2,400. Duk ɗigon ruwan da ya tashi sai ya ɗauki rabonsa na wannan zafi daga abin da yake kwance a kai, ko yumɓu ne, ko fata, ko ganye.

Randa da Kafofinta

Randar gargajiya da yumɓu ake gina ta, a gasa ta a fili da itace da kara da ciyawa. Irin wannan gashi ba ya kai zafin da zai narkar da ƙwayoyin yumɓun su manne da juna gaba ɗaya. Saboda haka jikin randa cike yake da ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwan da yake ciki yakan riƙa tsattsafowa ta waɗannan kafofi sannu a hankali har ya iso bayanta, shi ya sa kullum ake ganin jikinta da danshi. Da ya iso waje sai iska ta kwashe shi, shi kuma ya tafi da zafin da ya zuƙo daga jikin randar da ruwan da yake ciki. A taƙaice dai, randa gumi take yi.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna ƙarfin wannan aiki. A ɗauka randa tana ɗauke da lita 20. Domin a sauke zafin wannan ruwa da digiri 5, sai an fitar da kimanin kilojul 420. Ruwan da zai tashi ya ɗauke wannan zafi bai wuce mililita 175 ba, watau ƙaramin kofin shayi ɗaya. Ke nan asarar abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ruwan ba ta isa ta sanyaya sauran da digiri 5. A zahiri randa takan rasa fiye da haka a yini, domin zafin gari yana ci gaba da shigowa ta iska da ƙasa, dole ta yi ta tsattsafo domin ta kore shi. Wannan ne ma ya sa ake girke ta a inuwa, a kan jiƙaƙƙen yashi, a inda iska take kaɗawa.

Jarkar roba da bokitin ƙarfe ba su da kafofi, don haka ba su gumi, ba su kuma sanyaya ruwa. Salkar da makiyaya da fatake suke ratayawa a jikin raƙumi ko jaki kuwa tana yi, domin fata tana tsattsafo kamar yumɓu. Tsohuwar randa ma takan rage sanyi idan gishirin ruwa da gansakuka suka toshe kafofinta, shi ya sa goge bayanta yake dawo mata da ƙarfi. Tarihin shahararriyar maginiyar nan Ladi Kwali, wadda hotonta yake jikin takardar naira 20, ya ƙara tabbatar da wannan batu. A shekarar 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin Abuja na da, wanda yanzu ake kira Suleja. A can aka riƙa gasa tulunanta a cikin murhu mai tsananin zafi, ana kuma lulluɓe su da wani shafi mai ƙyalli kamar gilashi. Tulunan sun yi kyau, sun yi suna a duniya, amma kafofinsu sun toshe, sun tashi daga kayan ajiyar ruwa sun koma kayan ado.

Matsayin Iska

Saura tambaya ta biyu: me ya sa sanyin yake raguwa da damina? Amsar tana ga iska, domin akwai iyakar tururin da iska take iya ɗauka, kuma wannan iyaka tana ƙaruwa da ƙaruwar zafi. Iskar da ta cika akwati mai tsawo da faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya tana iya riƙe tururi kimanin giram 17 a digiri 20, giram 30 a digiri 30, da giram 51 a digiri 40. Masana yanayi sukan auna abin da iskar take ɗauke da shi su kwatanta da wannan iyaka, su faɗe shi da kashi cikin ɗari. Wannan shi ake kira laimar iska.

Da hunturu iskar arewa maso gabas takan taso daga hamadar Sahara a bushe ƙayau, laimarta takan sauka ƙasa da kashi 15 cikin ɗari da rana. Irin wannan iska mai ƙishirwa ce, duk ruwan da ta samu sai ta zuƙe, shi ya sa leɓe da ƙafa suke tsagewa, shi ya sa kuma randa take aiki da dukkan ƙarfinta. Da damina kuwa iskar kudu maso yamma takan taso daga tekun Atilantika cike da tururi, a watan Agusta laimarta takan haura kashi 70 cikin ɗari. Iskar da ta ƙoshi ba ta da wurin karɓar ƙari, don haka wanki yakan kwana bai bushe ba, danshin bayan randa kuma ya zauna bai tashi ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane iyakar sanyin da za a iya samu. Akan naɗe kan ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle a bar iska ta kaɗa shi, lambar da ya tsaya a kai ita ce iyakar. Idan zafin gari ya kai digiri 40 laima kuma kashi 15, jiƙaƙƙen ma'aunin zai nuna kimanin digiri 21, watau ratar digiri 19. Idan kuwa zafin digiri 30 ne laima kuma kashi 80, zai nuna kimanin digiri 27, ratar digiri 3 kacal. Babu randar da za ta iya sauka ƙasa da wannan lamba, komai ƙwarewar wanda ya gina ta.

Jikin Mutum Tamkar Randa

Jikin ɗan'adam murhu ne da ba ya mutuwa. Ko mutum yana kwance, abincin da jikinsa yake ƙonawa yana samar da zafi kusan daidai da na tsohon ƙwan lantarki mai wat 100. Idan yana noma ko dako, zafin yakan ninka sau huɗu ko biyar. Duk da haka dole ne cikin jiki ya zauna a kusa da digiri 37. Da a ce babu hanyar fitar da wannan zafi, da jikin mai hutawa ma ya riƙa ƙaruwa da kusan digiri ɗaya a kowace awa.

Idan gari yana da sanyi, zafin yakan fita da kansa daga fata zuwa iska, domin zafi kullum daga wuri mai zafi yake gangarawa zuwa wuri mai sanyi. Amma zafin fatar mutum bai cika wuce digiri 35 ba. Da zarar iska ta haura wannan, kamar yadda yake faruwa a Sakkwato da Maiduguri da Yamai a watannin Maris da Afrilu da Mayu, sai al'amarin ya juya, iska ta koma tana zuba wa jiki zafi. A wannan hali hanya ɗaya ce ta rage, ita ce gumi.

A cikin fatar mutum akwai ƙananan matsattsarai na gumi tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4. Idan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya ji jini ya ɗau zafi, sai ya buɗe hanyoyin jini na kusa da fata, ya kuma umarci matsattsaran su saki ruwa. Jini ya kawo zafi daga ciki, gumi ya ɗauke shi ya tashi da shi. Mai aikin ƙarfi a rana yakan fitar da lita ɗaya ko fiye a awa guda, kuma idan wannan lita ta tashi duka za ta kwashe zafin da ya haura wat 600. Abin lura a nan shi ne, gumin da ya tashi ya bi iska shi kaɗai yake sanyaya jiki. Wanda ya tsiyaya ƙasa ko aka share da tawul asarar ruwa ce kawai.

Dabbobi ma kowacce da tata dabarar. Kare ba ya gumi sosai, sai ya zaro harshe yana haki domin ruwa ya tashi daga bakinsa da maƙogwaronsa. Kaza ba ta da matsattsarar gumi ko ɗaya, shi ya sa take buɗe baki da fukafukai da bazara, shi ya sa kuma kajin gidan gona suke mutuwa da yawa idan ɗakinsu ba ya samun iska. Raƙumi kuwa tattalin ruwa yake yi. Binciken da Knut Schmidt-Nielsen ya gudanar a hamadar Aljeriya a shekarun 1950 ya nuna cewa raƙumin da yake cikin ƙishirwa yakan bar zafin jikinsa ya tashi daga kimanin digiri 34 da asuba zuwa sama da digiri 40 da yamma, sa'an nan ya sauke shi da dare ba tare da ya ɓarnatar da ruwa ba. Mutum ba shi da wannan baiwa.

Inda Dabarar Take Gazawa

Sanyayar da jiki ta hanyar gumi tana da sharuɗɗa biyu: a sami ruwa a jiki, a kuma sami iskar da za ta karɓe shi. Randar da ta ƙafe ba ta sanyi, haka jikin da ruwa ya ƙare masa gumi yakan ragu, jini ya yi kauri, zuciya ta wahala. Haka kuma idan laima ta yi yawa, mutum zai jiƙe sharkaf amma ba zai huce ba. Wannan ne ya sa 'yan kwanakin da suke gab da faɗuwar damina, lokacin da iskar kudu ta fara shigowa alhali rana ba ta sassauta ba, suka fi tsakiyar bazara gallaza wa mutane.

A shekarar 2010 wasu masana biyu, Steven Sherwood da Matthew Huber, sun lissafa cewa idan jiƙaƙƙen ma'auni ya kai digiri 35, jikin mutum ba zai iya fitar da zafinsa ba ko da yana zaune a inuwa. Gwajin da aka yi a kan matasa masu lafiya a Jami'ar Jihar Fensilbaniya ta Amurka, wanda aka buga a 2022, ya nuna cewa haɗarin yana farawa tun daga wajajen digiri 31. Ga tsofaffi da jarirai da masu ciwon zuciya kuwa, iyakar ta fi haka sauka. Wannan batu ya shafi yankin Sahel kai tsaye. A ranar 3 ga Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, a cikin wani zafi da ya mamaye yankin ana cikin azumin Ramadan, ya kuma yi sanadin rasa rayuka.

Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, mutum ya fara ruɗewa ko sambatu ko tangaɗi ko ya suma, to, bugun zafi ne, kuma yana iya kisa cikin ɗan lokaci. Abin yi shi ne a kai shi inuwa nan take, a rage masa tufafi, a riƙa kwara masa ruwa ana yi masa fifita, sa'an nan a garzaya da shi asibiti ba tare da an daina sanyaya shi a hanya ba. Kada a ɗura ruwa a bakin wanda ba ya cikin hayyacinsa. Rigakafin kuwa shi ne yawan shan ruwa har fitsari ya yi haske, da sanya tufafi sakakku, da mayar da aikin ƙarfi zuwa safiya ko yamma. Ya kamata kuma a sani cewa fanka ba ta sanyaya iska, aikinta shi ne kawar da iskar da ta ƙoshi daga kan fata ta kawo sabuwa. Saboda haka idan ɗaki ya yi zafi ƙwarai, a jiƙa jiki ko riga kafin a zauna a gabanta.

Tukunya Cikin Tukunya

Wannan ƙa'ida ta sami sabon amfani a hannun marigayi Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa wanda ya fito daga gidan magina. A shekarun 1990 ya yaɗa wata dabara ta adana kayan lambu: a saka ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan a cikin ƙaramar a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yashin yakan tsattsafo ta jikin babbar ya tashi, ya janye zafi daga ciki. A gwaje-gwajen da ya bayar da rahotonsu, yalon da yake lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da barkono kuma sun kai mako uku. Burinsa shi ne manomi ya huta da sayar da amfaninsa a wulaƙance, 'yan mata kuma su sami sarari daga tallan kullum su tafi makaranta. Wannan aiki ya sa ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, dabarar kuma ta bazu har ƙasar Sudan inda ake kiran tukunyar zir. Sai dai ita ma ƙa'idar ta ɗaure ta: tana bukatar inuwa da iska da jiƙa yashi safe da yamma, ƙarfinta yana raguwa da damina, kuma sanyinta bai kai wanda alluran rigakafi suke bukata ba, watau digiri 2 zuwa 8.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, mai karatu zai ga cewa randa da salka da tukunyar Bah Abba da fatar ɗan'adam duk aiki ɗaya suke yi: suna sadaukar da ruwa kaɗan domin ya tashi da zafi mai yawa. Firji ma a kan wannan tushe aka gina shi, sai dai shi wani sinadari ne yake tashi a cikin rufaffen bututu, injin ya matse shi ya koma ruwa, ya sake zagayowa. Ɗalibin da yake son ya tabbatar da wannan bayani da kansa yana iya samun ma'aunin zafi guda biyu, ya naɗe kan ɗaya da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya rataye su a inuwa, ya riƙa rubuta ratar da take tsakaninsu a watan Janairu da Afrilu da Agusta. Duk ranar da ya ga gari ya yi zafi ratar kuma ta ƙanƙance, to, ranar ce ruwan randa ba zai yi sanyi ba, kuma ranar ce ya kamata a fi sa ido a kan tsofaffi da jarirai da masu aiki a rana.